Haƙurin da na ba Yaya ya zama shaida ta uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Sulhu, garkuwar masu neman rufin asiri, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, ni ne kafintan nan da ka zaunar a ɗakinka mai fanka ɗaya, ni da yayana, kan filin ƙofar gidan mahaifinmu. A nan rumfata take shekara ashirin da biyu. Yaya yana son ya rushe ta ya gina shaguna, ni kuwa da ita nake ciyar da mutum bakwai. Godiya na zo yi, sai 'yan tambayoyi da ba su kai su ɓata maka shayi ba.

Na ɗaya. Ranar, da hannunka mai albarka ka rufe ƙofa, ka ce, "Ku saki jiki, duk abin da aka faɗa a nan ya mutu a nan." Ranka ya daɗe, na saki. Yaya ya girme ni da shekara tara, a gidanmu kuwa in magana ta yi zafi ƙarami ne ke sunkuyar da kai, ko da shi aka taka. Sai na cire hula na ce, "Yaya, yi haƙuri, laifina ne." Na ƙara da cewa zan ja rumfar baya taku biyar don a zauna lafiya. Har madalla ka ce. Magatakardanka yana gefe yana ta rubutu, ni sakarai na ɗauka addu'a yake kwafa.

Na biyu. Sulhu ya watse, aka koma kotu. Lauyan Yaya ya miƙe da takarda mai hatimin ofishinka, ya karanta wa alƙali cewa na amsa laifi da bakina, kuma na yarda filin ba nawa ba ne, in ba haka ba me zai sa in ja baya? Nan take aka liƙa wa ladabina lamba, wai shaida ta uku. Maganar da ta mutu a ɗakinka, wane bawan Allah ne ya tone ta, ya yi mata wanka, ya hau benen kotu da ita?

Na uku. Lauyana ya ce doka ta hana a kawo maganar sulhu a matsayin shaida. Nasu ya ce ai ba a buga "sirri" a saman takardar ba. Na dawo ofishinka in ji dalili, magatakarda ya ce, yana sakace, "Malam, tawadar wancan hatimin ta bushe tun bara." Ikon Allah! Tawadar hatimin da ya tona ni ba ta bushe ba, sai ta wanda zai rufa ni? Ai da kun yi magana, da na zo da tawa a aljihu. Ranar Litinin alƙali zai faɗi ko ya karɓi takardar. In ya karɓa, sai in kwashe zarto da guduma in san inda na nufa.

Na huɗu, wannan kuma ba tambaya ba ce. Mahaifiyarmu tana kwance a asibiti. Shekaranjiya na kai mata abinci na tarar da Yaya a bakin gadonta. Ta kama hannuna ta ɗora a kan nasa, ta ce, "Auta, kai ne ƙarami, ba shi haƙuri in gani da idona." Na buɗe baki, sai na hango wayarsa a aljihun gaba, na ce a raina ko wayar tana ɗaukar magana? Na mayar da bakina na rufe. Ta jira, ta jira, sannan ta saki hannuna ta juya fuska bango. Shekarata arba'in da bakwai ban taɓa ƙin maganarta ba, sai da na yi karatu a ofishinka. Raina ya ɓaci, ranka ya daɗe, kuma ba da Yaya kaɗai ba.

Ina roƙon Allah ya ja zamaninka, ya kai ofishinka duk gidan da 'yan'uwa ke gaisawa har yanzu.

Naka mai biyayya, wanda bai amsa komai ba a cikin wannan takarda,

Kafinta, ƙanen mai ƙara