Yadda Za Ka Gama Gem Ɗin Babbar Mota Kafin Mai Kwamfuta Ya Bar Gari

Kai da ka fara abu da zafinka, yau ga shi can ƙarƙashin gado gizo-gizo ya yi gida a kai, matso kusa. Ko waƙa ce, ko littafi, ko gem irin na waya, in ka bi abin da zan faɗa maka sai ka gama shi, ko kana so ko ba ka so. Sunana Cindo, a Gumel nake. Na tuƙa babbar mota har bayana ya ce ya gaji. Ni da boko tun a firamare muka rabu, ba faɗa. Amma na gama gem guda, yana cikin wayoyin mutane yanzu haka. Kai da takardunka me ka gama?

1. Ɗauki abin da ya fi ƙarfinka

Maƙwabcina Chris ma'aikacin gwamnati ne, ɗan Filato, ya iya haɗa gem a kwamfuta. Wata rana ya nuna mini wanda yake yi na tuƙin mota. Hanya sumul, ba rami, ba jaki, ba mai adaidaita da zai juya ba tare da ya waiga ba. Na ce masa wannan tabarma ce, ba hanya ba. Ya yi dariya, ya ce to ni in tsara masa hanyar zango-zango, shi ya gina. Na ce na ɗauka.

Ban san me na ɗauka ba. Haka ake so. Wanda ya san girman aiki tun farko ba ya farawa.

2. Yi baki tun ba ka yi komai ba

Kafin ka ja layi ɗaya, je teburin mai shayi ka sanar. Ni haka na yi. Washegari aka laƙaba mini Injiniya. Ko jana'iza na je, sai wani ya raɗa mini, "Injiniya, motar ta tashi kuwa?"

Masu boko za su ce ka jira zuciyarka ta so aikin. Zuciya ba ta tura mota. Kunya ce ke turawa.

3. Yi aikin inda ba zai jira ka ba

Ni a ƙasa nake zana zangona, a ƙofar gida, da tsinke. Dutse rami ne, murfin kwalba akuya, takalmin roba kuma amalanken shanu. In Chris ya taso daga ofis sai ya ɗauki hoton a waya, ya je ya gina. To amma bayan la'asar matata Safara'u take sakin awakinta. In ban gama ba kafin nan, su za su gama mini.

Akwai wata kwana a zango na biyu da Chris ya ce duk gem ɗin babu irinta, ya yi ta yaba kaina. Ɗan akuya ne ya zame a wurin. Na amsa yabon, tunda akuyar gidana ce.

4. Ranar da kasala ta kama ka, tuno wanda ya ɓata maka rai

Duk wanda ya taɓa tsare mini hanya yana cikin gem ɗin nan. Mai raƙumin da ya kwanta tsakiyar titi ranar kasuwar Maigatari yana ciki. Mai babur ɗin da ya ɗauro katifa a kaikaice yana ciki. Ban sa sunan kowa ba, amma kowa ya ga kansa. Haushi ba ya ƙarewa, kuma kyauta ne.

5. Samu mai ƙwace maka gyara

Na daɗe a kan ƙarar hon kaɗai. Yau ta yi kama da kukan tunkiya, gobe ta yi kama da ta ƙaramar mota, abin raini. Da Chris ya gaji, sai ya rufe kwamfutar ya ce, "Oga Cindo, hon ya yi. In ka sake taɓa shi, kukan kaza zan sa." Na san zai aikata, sai na wuce gaba.

Gyara zama ne, sai dai yana sa gumi, shi ya sa ake ɗaukarsa aiki.

6. Yi wa kowa alƙawarin ƙarshen

Nan ne babban sirrin. Kowace tafiya tana da inda ake sauke kaya, kuma kowa yana so a sauke a garinsu. Safara'u 'yar Gagarawa ce, ta ce can motar za ta tsaya. Na ce in sha Allahu. Baffa Ɗantsoho, ƙanen mahaifina, ya aiko daga Sule Tankarkar cewa kada in manta inda aka binne cibiyata. Na ce in sha Allahu. Alhaji Abdulbaqi, tsohon ubangidana na Maigatari, ya ce motar da ba ta kai iyaka ba ai ba ta je ko'ina ba. Shi ma in sha Allahu. 'Yan teburin shayi kuwa ko tambaya ba su yi ba, a wurinsu Gumel ce, an gama magana.

Dubi amfanin. Safara'u ta riƙa aika wa Chris ɗanwake don ya yi sauri. Alhaji ya ba mu mota muka naɗi ƙarar inji. Baffa ya sa mu a addu'a. Gari huɗu suna tura ka, ina za ka ga wurin zama?

Matsala ɗaya ce tak, mota ɗaya ce. Da muka iso zangon ƙarshe sai tsinkena ya tsaya cak. Har awakin suka riƙa zuwa suna tarar da ƙasa ba zane.

7. Tabbatar akwai wanda zai tafi

Ana haka aka yi wa Chris canjin wurin aiki zuwa gida Filato. Kwamfutar tasa ce, hannun da ya iya ta ma nasa ne. In ya shiga mota ba mu gama ba, gem ya mutu, ni kuma in mutu da sunan Injiniya.

Ranar da ake ɗaure kayansa, matarsa tana naɗe labule, ya zauna a kan buhun masara da kwamfutar a cinya. Ya ce in faɗi gari ɗaya kawai, ko wanne ne. Na leƙa gidana, na ga Safara'u a bakin zaure ta riƙe ƙugu. Na tuna Baffa. Na tuna Alhaji.

8. Tsaya inda motar ta tsaya

Na ce masa babu gari. A kashe motar a daji. Ai duk direban gaskiya ya san tafiya ba a tasha take ƙarewa ba, a ƙarƙashin mota take ƙarewa, da sifana a hannu. Wanda ya ci gem ɗin, ladansa inji ya yi tari ya mutu, direba ya sauko ya ɗora shayi.

Chris ya laluba wayarsa ya samo hoton wani garken shanu a gefen titi, shi kansa ya manta inda ya ɗauka. Ya sa shi a gem ɗin, can bayan inda motar ta mutu. Kafin a gama loda kujerunsa, gem ya kammalu.

Gari huɗu suka yi fushi da ni lokaci ɗaya, wanda ya fi sauƙi a kan gari uku. Ana nan sai ga wani makiyayi, Ɗalha, ya nemo gidana. A wayar wani ya ga gem ɗin a kara, kasuwar shanu, ya gane farin sansa mai karyayyen ƙaho. Ya zo da ƙwaryar kindirmo, bakinsa har kunne. Nan take ƙofar gida ta cika. Safara'u daga zaure ta sa a tambaye shi, a ƙasar wane gari shanun nan suke kiwo.

Ɗalha ya sosa ƙeya. "Wallahi Inna, ya danganta. Da damina muna wajen Sule Tankarkar. Da kaka Gagarawa, cin kara. Da rani mu gangara Maigatari. Gumel kuwa sai ranar da zan kai na sayarwa."

Ka ga kenan na cika alƙawarin kowa, bi da bi.

A kula

Ni Cindo, hanya na nuna, ban ɗauki kowa a mota ba. In awaki sun cinye maka zane, ko baffanka ya daina amsa gaisuwarka har sai ruwa ya sauka, ko mai raƙumi ya gane kansa ya zo da sanda, kada a neme ni. In kuma matarka ta koma sa maka nama a miya da kaka kaɗai, sauran shekara kuka zalla, wannan tsakaninku ne. Ni ma haka nake ci, kuma na gama nawa.