Ranar da Nomau Ya Ja Alawa Har Bakin Kasuwa

Idan aka faɗa wa mutum magana, ya ɗauke ta yadda aka faɗe ta, ya bi ta har ƙarshenta, wa ya kamata a yi wa dariya: shi, ko wanda ya furta abin da ba ya nufi? Ku riƙe amsarku tukuna, ku saurari labarin Nomau.

A ƙauyen Tsamiyar Goje akwai wani ɗan gida mai katangar zana da rumbu a tsakiya. Nomau ne maigidan, ƙaton manomi mai faɗin ƙirji da sanyin hali. Tare da shi akwai matarsa Kande, da yayarsa Tasalla, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Nomau bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, saboda haka bai taɓa zaton bakin mutum zai faɗi abu zuciyarsa tana wani wuri ba. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi, ba ƙari.

Wata rana Kande ta ce ya ɗebo mata ruwa, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna. Nomau ya cika randa. Ya cika tulu da bokiti. Ya cika turmi, da kaskon tuya, da akushinsa na tuwo, da butar alwala, har da takalman robar Kande da ke bakin ƙofa. Ko da ta dawo, sai ta tarar da shi ya kafa tsani a jikin rumbu, tulu a kafaɗa, yana ƙoƙarin ɗaga murfin. Ta riƙe ƙafarsa ta tambaye shi ko hatsin shekara yake son jiƙawa. Ya dube ta daga sama cikin natsuwa, ya ce, "Ba ki ce ya isa ba."

Ita Tasalla aikinta yana Makwalla, garin da ke hayin rafi, a gidan alawar Alhaji Barmo. Gidan kashi biyu ne. A gaba, inda ido ke kaiwa, maza ne suke jan alawa a ƙugiya har ta yi fari, su yanka, su jera a tire. A baya, bayan doguwar katanga, mata ne suke dafa sukari da lemon tsami a manyan tukwane, su sauke, su miƙo ta wata ƙaramar ƙofa. Tasalla ta yi shekaru a bayan katangar nan.

Wata rana kafin azumi, tukunya ta kife mata a hannu, tafasasshen sukari ya kwashe mata fata daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Alhaji ya ce sakacinta ne, ta je gida ta warke. Ta warke. Amma duk ranar da ta koma neman wurinta, sai a ce mata Alhaji ya fita yanzun nan, ko da kuwa ga takalmansa a bakin zaure. Tasalla ba ta da gona, ba ta da jari, kuma ba ta son ta ƙarasa rayuwarta tana jiran abin da ƙanenta zai auno daga rumbu. Tukunyar nan ita ce abincinta, ita ce mutuncinta.

Sai ta yi dabara. Al'adar Makwalla ce, kashegarin Sallah gidajen alawa su buɗe ƙofa ga masu yawon Sallah, a zo daga ƙauyuka a kalli yadda ake ja, a ɗanɗana, a saya. A ranar kuma Sarkin Alawa, dattijon da duk masu sana'ar suke ƙarƙashinsa, yake zagaya gidajen yana sa albarka. A irin wannan rana ba a cewa maigida ya fita. Tasalla ta ƙudura za ta shiga cikin baƙi, ta roƙi Alhaji sa'ad da fuskarsa take a sake. Kande ta ce rafi ya kawo ruwa, dole Nomau ya raka ta. Tasalla ta dube shi ta yi ajiyar zuciya, ta roƙe shi don girman Allah kada ya ɓata mata wannan rana.

Da safe Kande ta miƙa masa sabuwar rigarsa mai aiki a wuya, ta ja masa kunne cewa kada datti ya taɓa ta. Nomau ya ninke rigar, ya naɗe ta a cikin zanen Kande, ya ɗora a ka, ya kama hanya daga shi sai singileti da wando. Haka ya ratsa ƙauyuka, kowa ya ci ado, shi kuwa kamar mai zuwa kasuwa da dillanci. A bakin garin Makwalla Tasalla ta ce ya sa rigar. Ya ce Kande ba ta janye maganarta ba. Tasalla ta tuna masa cewa ita ta goye shi tun Kande ba ta zo duniya ba, don haka maganarta ce a gaba. Ya tsaya ya auna wannan hujja a ransa, ya ga ta yi nauyi, ya sa riga.

A ƙofar gidan Alhaji Barmo mutane sun yi cincirindo, ƙamshin sukari da soyayyar gyaɗa ya cika unguwa. Tasalla ta raɗa masa cewa ya gaida kowa da ladabi, kada a ce su 'yan ƙauye ne. Zauren kuwa matsattse ne. Nomau ya durƙusa a tsakiyarsa ya fara da na farko: ya tambaye shi Sallah, da iyali, da gajiya, da damina, da dabbobi. Ya matsa ga na biyu. Masu shiga suka tsaya, masu fita suka maƙale. Da ya zo kan wata mata mai goyo, ya gaishe ta, ya zagaya bayanta ya gaida jaririn, sa'an nan ya zauna jiran amsa, domin a tarbiyyarsa ba a tashi kafin a amsa gaisuwa. Sai da uwar ta maƙe murya ta amsa a madadin ɗanta, sa'an nan zauren ya sami numfashi.

A cikin fili an jera tiren alawa iri-iri, fara da ja, mai gyaɗa da mai riɗi. Mai yankawa yana ta shela cewa a gidan Alhaji Barmo ba a sayen alawa sai an ɗanɗana. Nomau ya yi niyyar kai wa yaran unguwarsu tsaraba, kuma yaran suna da yawa. Ya nuna tire guda ya ce shi zai saya. Daga nan ya zauna, ya ɗauki yanka na farko ya gutsuri gefensa ya ajiye, ya ɗauki na biyu ya gutsura ya ajiye. Kafin mai yankawa ya waiwayo, rabin tiren ya koma kamar ɓera ya kwana a kai. Da aka yi masa tsawa, ya ce shi ma haƙoransa sun gaji, amma dokar gida ce, ba zai karya ta ranar Sallah ba. Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga inda yake zaune a kan darduma, Alhaji Barmo ya ɗago kai ya gane ta, ya kuma gane na wane ne wannan ƙato.

Sai aka zo babban abin kallo. Cindo, gwanin ja, ya ɗauko curin alawa mai ɗumi ya rataya a ƙugiyar da ke jikin ginshiƙi. Yadda ake yi, a ja taku ɗaya ko biyu, a dawo a ninka a kan ƙugiya, a sake ja, har launin zuma ya koma fari. Bisa al'ada akan bar baƙo ya gwada. Cindo ya hango dantsen Nomau ya kira shi, ya danƙa masa bakin alawar, ya ce, "Ja, kada ka daina sai na ce." Bai kai ga koya masa ninkawa ba sai aka ji kalangu daga nesa, alamar Sarkin Alawa ya shigo unguwa. Cindo ya ruga ya sake riga.

Nomau ya ja. Ya yi taku baya, ya ƙara, ya ƙara. Alawa ta miƙe ta zama igiya. Ya ratsa fili da baya, ya shige zaure da baya, ya fita titi. Igiyar ta sirance ta yi ciki a tsakiya, yara suka jeru a ƙarƙashinta baki buɗe. Wata akuya ta kama rabonta. Wani mai keke ya kutsa bai gani ba, ya bar hularsa tana lilo a sama. Nomau bai waiwaya ba, domin ba a ce ya waiwaya ba, har ya kai bakin kasuwa ya bangaji wani mutum da bayansa. Kalangu ya yi shiru. Sarkin Alawa ne.

Dattijon ya dubi zaren da ya taso daga cikin gida har gabansa, ya danne dariya ya ce, "Ya isa haka, samari."

Nomau ya rusuna, hannunsa na riƙe da alawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Cindo ne zai ce."

Haka Sarkin Alawa da makaɗinsa da 'yan rakiyarsa suka tsaya a rana, har aka nemo Cindo ya zo ya sallami Nomau.

Tasalla ta san magana ta ƙare. Da aka zauna a fili, ba roƙon aiki ta je yi ba, haƙuri ta je bayarwa. Ta durƙusa gaban Alhaji ta ce ƙanenta ne, a yafe masa. Idon Alhaji ya yi ja, amma Sarki yana gefensa yana ta murmushi, ga kuma baƙi sun zuba ido. Sai ya washe baki, ya ɗaga murya yadda na bakin zaure zai ji, ya ce, "Haba Tasalla, ai ke ta gida ce. Tukunyarki tana nan tana jiranki." Duk wanda ke wurin ya san irin wannan magana: ta ranar Sallah ce, ba ta kwana. Tasalla ta yi godiya, ta tashi tana neman takalmanta.

Nomau kaɗai ya ji maganar ta tsaya masa a rai. Tukunya tana jira, mai ita tana shirin tafiya gida, kuma ba wanda ya motsa. A ganinsa wannan bai dace ba. Ya nufi ƙaramar ƙofar da ba baƙon da ke shiga, ya sunkuya ya kutsa. Hayaƙi ya tare shi. Ya ga mata a gaban murhu, gumi ya jiƙa musu ɗankwali, ba wadda ta sa kayan Sallah. Ya gaishe su, ya tambayi wace ce tukunyar Yaya Tasalla. Suka nuna masa wadda suka wanke yanzu za su mayar kan wuta. Ya sungume ta ya ɗora a ka ya juya. Matan suka biyo shi a guje, wata da muciya a hannu, suna cewa ya ajiye musu, kafin su farga sun tsinci kansu a tsakiyar fili, hannuwan riga a naɗe, a gaban Sarki da dukan baƙi.

Nomau ya dire tukunyar a gaban yayarsa ya ce, "Yaya, ga ta. Alhaji ya ce ke take jira."

Ba wanda ya yi dariya. Kunnen tukunyar ɗaya ya karye tun tuni, an ɗaure shi da waya, wayar ta tsinke an sake ɗaurewa a kan tsohon ɗauri. Sarkin Alawa ya miƙa sandarsa ya taɓa kunnen, kunnen ya yi lilo. Ya dubi hannun Tasalla. Ya dubi hannuwan matan da ke tsaye, ya ga kusan kowace tana da nata tabon. Ya tambayi babbarsu tun yaushe kunnen yake haka. Ta saci kallon Alhaji, ta sunkuyar da kai, sa'an nan ta ce tun kafin ta kife wa Tasalla, kuma sun sha faɗa.

Sarki ya juya ya ce, "Barmo, da kunnena na ji ka ce tana jiranta. Ko ban ji daidai ba?"

Alhaji ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce ranka ya daɗe daidai ka ji. Sarki ya ce to madalla: gobe Tasalla ta koma bakin murhunta, tukunya kuwa yau za ta kwana a maƙera, kuma ba za a sake hura wuta a gidan ba sai shi da kansa ya shiga baya ya duba sauran. Albarkar da ya zo sawa ya ce tana nan a aljihunsa, zai kawo ta ranar.

Tasalla ta fasa neman takalmanta. Ta dafa bakin tukunyar da hannun nan mai tabo ta tsaya. Nomau kuwa ya matso kusa da Alhaji ya tambaye shi cikin ladabi ko akwai wani abin kuma da yake jira a gidan, tun da ga shi a tsaye. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi Nomau, ya rufe.

Ku da kuke jin wannan, Sallah tana tafe, kuma za ku kwashi yara ku je kallon jan alawa. Ku kalla, ku ɗanɗana, ku saya. Amma kafin ku fito, ku nemi a buɗe muku ƙaramar ƙofar. Ku gaida matan da ke bayan katanga, ku dubi hannuwansu, ku girgiza kunnen tukunya da kanku. In maigida ya yi wani alkawari a gabanku, ku koma bayan Sallah ku tambaye shi inda aka kwana.