Rasuwar Agogon Tankin Motar Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido busasshe ƙayau, Malama Lauratu Na'iya, ma'aikaciyar jinya a motar asibitin tafi-da-gidanka mai zagaya Tambuwal da Kebbe, tana sanar da jama'a rasuwar abokin aikinta, Agogon Tanki. Ya cika ranar Lahadi, jajibirin bikin shekara biyu da samun mulkin kai, a bakin wani tafki kusa da Jabo, jim kaɗan bayan ta ƙi buɗe famfon da aka umarce ta ta buɗe.

Marigayin ɗan ƙaramin agogo ne mai hannu ɗaya, manne a gefen motar. Aikinsa shi ne nuna cikar tankin ruwan dauɗa, inda wankin gyambo da na haihuwa da abin da masai ke karɓa duk suke taruwa. Shekara fuɗu yana wannan aiki. Bai taɓa durƙusa wa kowa ba, bai taɓa rage gaskiya don babbar riga ba. In mota ta faɗa rami a hanyar Kebbe ya ce "ƙyas, ƙyas," ya koma matsayinsa. In hannunsa ya kai jan layi, Lauratu da direba Maccido su nemi fili nesa da ruwa, su haƙa rami, su juye, su zuba toka, su rufe. Haka aka koya mata a makaranta.

Ciwon ajalinsa ya zo ne a gidan gaba na motar, cikin farar riga da takalmi mai ƙara. Malam Ɗangiwa, wanda aka turo daga birni ya duba aikin tsafta, yana so motar ta kwana Tambuwal ba wari, don manyan baƙi su leƙa cikinta bayan fareti. Haƙa rami zai ci wuni. Ga tafki kuwa a kusa, matan makiyaya na cika tuluna, shanu na sha ta ɗaya gefen. Ya ce a juye tankin a ciki, ruwa mai yawa ne, zai shanye komai.

Lauratu ta ce, "Ranka shi daɗe, agogo yana kan ja. Cike yake."

Ya ce agogon Turawa ne, Turawa kuwa sun tafi. Ya ɗaga sandarsa mai kan azurfa ya ƙwanƙwasa fuskar marigayin, a cewarsa don ya farka. A bugu na uku gilashin ya tsage, hannun ya ce "ƙyas" sau ɗaya, ya faɗi ƙasa warwas.

Malam ya juyo da murna. "To, ɗiyata, ga malamin naki ya ce ba komai ciki. Buɗe."

Mai wannan sanarwa ta shiga gonar da ke gefe ta karyo karan dawa, ta zura shi ta bakin tankin, ta zaro shi jiƙe har wuya, ta riƙe shi taki ɗaya daga farar rigar. Malam ya ja da baya da saurin da ba a san yana da shi ba. Mabuɗin famfo ya ci gaba da zama a ƙulle a haɓar zanenta. Ita da Maccido da wasu makiyaya biyu suka haƙa rami a ƙasa mai tsakuwa har hannunta ya yi kanta. Motar ta isa Tambuwal washegari da azahar, an riga an kwashe kujeru.

Marigayin ya bar tanki ɗaya wanda yanzu ba mai sanin cikinsa, da famfo, da Maccido, wanda aka ce ya riƙa auna cika da hancinsa.

Za a binne shi ranar Alhamis bayan la'asar, a cikin gwangwanin madara, bayan ɗakin ajiyar magani na Tambuwal. Ba a bukatar ta'aziyya daga masu sanda. Mai son ganin Malama Lauratu zai same ta a wannan ɗaki tana wanke kwalabe. An sauke ta daga motar, an soke sunanta daga cikin masu tafiya kwas na ungozoma a bana, an kuma rubuta a takardarta cewa ba ta jin magana.