Rasuwar Ƙat-ƙat, Akwatin da Yake Sauraren Rijiyar Tamawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, yau Laraba da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas amma ko ɗigo bai sauke ba, ni Sabitu Lado na Tamawa, ƙasar Kurfi, nake sanar da jama'a rasuwar akwatina, wanda mata suka raɗa wa suna Ƙat-ƙat.

Marigayin ya zo hannuna daga Malam Atiku, malamin kimiyya a Dutsin-Ma, shekarar da Faransawa suka fasa bam a Sahara, aka shiga tsoron ruwan sama da nonon shanu. Aikinsa ɗaya ne. Akwai waɗansu ƙananan abubuwa masu cutarwa da ƙurar bam take fitarwa, ido ba ya ganinsu, in ɗaya ya bugi cikinsa sai ya ce ƙat. In jefi-jefi ne, to lafiya. In ya sako su a jere, Malam ya ce a kauce. Shekara uku matan Fulani suna kawo ƙwarya ina kanga masa, bai taɓa ɗaga murya a kan nonon kowa ba. Mai haƙuri ne, ba ya tsegumi.

Malam yana Amurka yanzu, wurin da masana suke harba wani irin ƙananan abubuwan mai suna nutirino ta cikin katangar ƙarfe, suna zaman jiran ɗaya cikin dubban dubbai ya taɓa tsakiyar ƙwayar zarra su gani. Ya rubuto cewa waɗannan suna ratsa ƙasa duka, su ratsa ni da kai, ko marigayi bai taɓa jin wucewarsu ba. Ya ce ba su cutarwa. Na yarda, amma tun ranar nake kallon tafin hannuna.

Ciwon ajalinsa, gaskiya, laifina ne. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na shanya batiransa a kan kwano kamar yadda kowa yake yi wa na tocila. Rana ta dafa su, na mayar ban duba ba, suka tsiyaye masa a ciki. Ranar Litinin na kai shi bakin rijiyarmu bayan ruwan farko. Ya ce ƙat. Ya ce ƙat-ƙat-ƙat-ƙat, ba numfashi, irin da ban taɓa ji ba. Sai ya yi shiru.

To ko magagin ciwo ne, ko wani abu ya ji a ruwan, Allah kaɗai Ya sani. Wanda zai faɗa mana ya tafi. Mai gari ya sa an rufe rijiyar da kara. Innata, wadda ƙafa ba ta kai ta nesa, jiya da guntun ruwan randa ta yi alwala.

Ya bar jakar fata ɗaya, da waya mai lanƙwasa, da ni, da gidaje goma sha bakwai masu kallon rijiya.

Za a rufe shi gobe Alhamis da hantsi a bayan gonarmu, nesa da ruwa, cikin buhun gishiri. Ba a buƙatar taro. Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri, ba ruwan da za mu ba baƙo, sai tulu biyu cike da ruwa da na tarar yanzu wani ya ajiye a ƙofar ɗakin Inna. Sawun jakin da ya kawo su ya nufi garin Rawayau, mai shi bai tsaya ba.