Datti Injiniya da Hoton Gidan Alhaji Bubayero

"Ni ba ɗaukar hoto kawai nake ba, ɗinka shi nake," in ji Datti a kasuwar Ajingi, yana kaɗa wayarsa mai fasasshen gilashi. "Ba ni hoto goma in mayar maka da su ɗaya, ba mai gane bakin ɗinkin."

Abokina, Datti Injiniya ke nan, shi ya raɗa wa kansa sunan. Iliminsa kaf bidiyo ɗaya ne, shi ma data ta ƙare masa a tsakiya.

To, Alhaji Bubayero na Toranke, mahaifin Zulfa da Datti ke nema da aure, ya tara zuri'arsa da Sallah. Hoto guda yake so, 'ya'ya da jikoki, ga shanunsa a baya. Jama'a suka yi wa kyamara yawa.

"Baffa, wannan ai wasa ne," in ji Datti. "Kashi-kashi zan ɗauke ku, waya ta haɗa."

Ya ɗauki ɓangaren dama. Kafin ya zagayo hagu, wani bijimi ya kutso cikin jikoki, Alhaji ya tashi kora.

Inna Hajo, uwargidan Alhaji, ta ce, "Datti, Alhaji fa ya canja wuri."

"Inna, bar wa masana."

Washegari ya garzaya Gaya a buga masa a ƙaton ƙyalle. Mai shagon ya ce, "Malam, ka duba wannan kuwa?"

"Ɗan koyo ne ke dubawa. Buga ka naɗe."

Gogan naka ya sha babbar riga ta aro, ya warware ƙyallen a gaban dangi.

A hoton, Inna Hajo ta fito da hannu uku. Babban ɗan gidan kai ne kawai, ba gangar jiki. Alhaji kuwa biyu ne: ɗaya zaune a dama cikin mutunci, ɗaya a hagu da ƙaho biyu da tozo, wutsiya na leƙowa ta ƙasan riga.

Datti ya ce, "Baffa, matsalar sabis ce."

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna na daman.

"Wannan ni ne, kuma ban ba ka Zulfa ba." Ya nuna mai ƙahon. "Wancan kai ka samo shi. Je ka nemi 'yarsa, tana can garke."