Ranar Da Na Kira Surukinmu Infoma

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanina a Kusada ba, domin ranar bakina ya kusa kashe mutum.

A wajenmu idan aka ce infoma, ana nufin wanda ke sajewa cikin jama'a, ya ƙyalla ido ya ga gidan da ke da shanu, ya kai wa 'yan bindiga labari. Ni kuwa a majalisarmu ta Kankia na mai da kaina masanin alamominsu (ban taɓa ganin ko ɗaya ba).

Bayan la'asar na hango wani dogon mutum a gindin bishiyar bedi, ya rufe fuska da rawani. Aka kai masa shinkafa, bai taɓa ba. Ba ya magana da kowa, sai kallon ƙofar gidanmu da garken da ke gefe. Na raɗa wa na kusa da ni, "Wancan infoma ne."

Kafin na haɗiye yawu kalmar ta zagaye wurin. Surutu ya ɗauke ɗif, har cokula suka daina ƙara. Samari suka kewaye shi da gorori.

Na shige gaba ina hura hanci. "Malam, wa ka sani nan gidan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka faɗi suna ɗaya tak!"

Wani ya ɗaga gora. Sai ga gwaggonmu ta fito a guje ba mayafi. "Mi zan gani haka? Ku aje! Uban amarya ne!"

Ashe Bafulatani ne daga wata ruga wajen Mawashi, amaryar kuwa 'yar farinsa ce. Ba ya faɗin sunanta, ba ya cin abinci a gaban surukai, ko ɗaurin aure ƙaninsa ya wakilta. Zuwa ya yi a ɓoye ya ga inda aka kai ta, kuma ya gwammace gora da ya ambace ta.

Na durƙusa ina rantse-rantse, gumi har cikin takalmi. Ya dube ni ya ce, "Ba komi. Gidan na da masu tsaro, na gani."

Har yau ban iya haɗa ido da matar ƙanina. Na kuma ajiye ilimin alamomi, tunda a taron nan kaf mutum ɗaya ne ya sa ido ya kai rahoto, kuma ni ne.