Ziyarar da Na Kai Hajiya Gindin Dutsen Ambaliya

Ko me zan manta a zaman Jidda, ban da ranar da mahaifiyar yarinyar da nake nema ta zo Umra. Ba ta amince da ni ba tukuna, wai sai ta ga hankalina da idonta. Tun da aka ce ni zan zagaya da ita na kasa zaune na kasa tsaye.

Tana shiga mota ta ce, "Ɗan nan, kai ni inda kabarin Nana Hauwa'u yake."

Na ce an gama! Akwai wani dogon dutse a bakin teku, an kewaye shi da sarƙa, an zuba masa rubutun Larabci mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ni dai tun zuwana na yanke cewa nan ne, ban tambayi kowa ba. (Larabcina bai wuce "yalla" da "halas" na siton da nake aiki a unguwar Waziriyya ba, amma a waya har fatawa nake bayarwa.)

Muna isa Hajiya ta tuɓe takalmi, ta ɗaga hannu, hawaye shar. Ta kira 'yan gida a bidiyo, har da yarinyar, kowa yana aiko da buƙatarsa. Ni kuwa ina gefe ina zabga amin, ina ƙara bayani.

Sai wani dattijo mai kamun kifi, Bahaushe haifaffen nan, ya matso. "Esh hada, mene ne haka? Hajiya, wa ya rasu?"

"Uwarmu Hauwa'u mana."

Ya dubi dutsen, ya dube ni. "La hawla! Ai wannan na tunawa da gyaran katangar teku ne, da magudanan da aka yi saboda ambaliya. Babu kowa a ciki sai siminti. Maƙabartar tana can wajen Ammariyya."

Wayyo Allah! Wayar ba a kashe ba. Ina jin dariyar mutum wajen goma daga Kano, ta yarinyar ta fi ta kowa ƙarfi. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, na ce shi ke nan, aure ya tafi.

Hajiya ta sa takalminta a nitse, muka koma mota. Da muka kusa masauki sai ta dube ni.

"Zan ba ka ita," ta ce. "Ba don wayonka ba. Mutum irinka bai kamata a bar shi yana yawo shi kaɗai ba."

Tun daga ranar, kafin in ɗaga hannu a gaban kowane gini, sai na nemi wanda zai karanta mini abin da aka rubuta.